Shekara huɗu ina auna kifi, ga abin da na kwaso

Jiya na miƙa makullin ofis da sikelin da na yi shekara huɗu ina yawo da shi a tashar jiragen kamun kifi, to bari in amayar da abin da ke cikina tun ban huce ba.

Kuskuren da har yau yake ci min rai a shekarata ta biyu na tafka shi. Ni dai tan nawa aka sauke kawai nake kallo, tunda adadin bai ragu ba sai na rubuta cewa kifi na nan lafiya lau, har da murnata. Alhali littafin awo yana hannuna, kifin sai ƙanƙancewa yake wata bayan wata, da yawa ma ba su kai yin ƙwai ba aka kwaso su, jiragen kuma sai sun ƙara nisa sun ƙara kwanaki a teku kafin su cika. Abin haushin ma an koya mana wannan a aji. Haka kifin kod ya yi wa mutanen Newfoundland a Kanada, yana raguwa yana taruwa wuri guda, jirage masu na'urar gano kifi suna binsa suna cika raga kowa na ganin ai akwai, sai a 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Na ci jarrabawa a kan labarin nan fa wallahi.

Da na farga sai na kai wa oga gyara, na sa batun raga mai ƙananan ido da jiragen da ke jan raga a ƙasan teku suna share wurin hayayyafa. Ya karanta ya ce "yaro ka cika zafin kai". Da rahoto ya fito ɗumamar yanayi aka ɗora wa komai, shafina biyu sun yi layar zana, sunana kuwa yana nan raɗau a bango. Ba wai ƙarya aka yi ba, ruwa na ɗumi kifi na ƙaura inda ya fi sanyi, takin zamanin da koguna ke zubowa yana haddasa gansakuka idan ta ruɓe ta cinye iskar ruwan. Amma ko a Peru a 1972 ai El Niño, wato ɗumamar ruwan teku da ke zuwa yankin lokaci-lokaci, tarar da kifin ancobi ya yi an riga an yi masa kamun wuce gona da iri. Yanayi dai ba shi da lasisin da za a ƙwace, shi ya sa oga yake ƙaunarsa.

Sauran kam ƙanana ne. Ka auna tsawo ba nauyi kaɗai ba. Ka zauna da tsoffin masunta su nuna maka da hannu girman abin da suke kamawa a da. Kuma ka haddace alƙaluman FAO, wato hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda masu gardama a mitin, kashi 10 cikin 100 na rukunonin kifin teku ake wa kamun da ya wuce kima a 1974, zuwa 2021 ya kai 37.7.

Wanda zai gaje ni kuma, shafuka biyun nan suna cikin durowar ƙasa ta hagu, ban kulle ta ba.