Kada a sallami tsohuwa da filasta kaɗai

Ƙannena da kuka fara aiki a asibiti, da ku da kuke jinyar iyaye a gida, kuskuren da mu da muka riga ku a aikin ƙashi muka fi daɗewa a kansa shi ne wannan. A kawo mana dattijuwa mai shekara 65, ta zame a bakin banɗaki, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. Mu ɗauki hoto, mu daidaita ƙashin, mu sa filasta, bayan mako 6 mu cire, mu ce Allah ya kiyaye gaba. A ganinmu aiki ya yi kyau, hannu ya haɗe. Ba mu tambayi kanmu me ya sa ƙashin ya karye tun farko ba.

Lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa don mutum ya faɗi daga tsayuwarsa. Wanda mota ta buge ko ya faɗo daga bishiya, zancensa daban. Amma wanda ya haura shekara 50, ya yi tuntuɓe ko ya zamo daga bakin gado ya karye, to ƙashin ya riga ya zaizaye daga ciki, kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki fanko. Wannan ita ce cutar zaizayewar ƙashi, kuma wurare huɗu ta fi kamawa: wuyan hannu, ƙashin baya, saman dantse kusa da kafaɗa, da kwatangwalo. A duniya, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 na waɗanda suka wuce 50 za su gamu da irin wannan karaya. Wanda ya karye sau ɗaya, haɗarin ya sake karyewa ya kusa ninkawa, kuma shekara 2 na farko ne suka fi haɗari. Kusan rabin masu karayar kwatangwalo sun taɓa karyewa a wani wuri kafin nan. Wato sun taɓa zama a gabanmu, muka sallame su.

Karayar ƙashin baya kuwa mun fi yi mata riƙon sakainar kashi, domin ba ta zuwa da kumburi ko ihu. Kusan kashi 2 cikin 3 nata ba a gano su. Tsohuwa ta sunkuya ta ɗaga bokiti, baya ya riƙe, a ba ta maganin ciwon jiki a ce tsufa ne. A hankali ta fara ranƙwafawa, zaninta ya fara jan ƙasa. Ku auna tsawo. Idan ta rage santimita 4 ko fiye daga tsawonta na ƙuruciya, ko ta rage 2 tsakanin awo biyu na asibiti, a yi hoton baya ta gefe. Kuma duk hoton ƙirjin tsoho da ya zo hannunku, ku kalli ƙashin bayan ko da tari ne ya kawo shi.

Wani uzurin da muka daɗe muna fakewa da shi shi ne rashin na'urar DEXA, mai auna ƙwarin ƙashi. Gaskiya ne ba ta da yawa a yankinmu, kuma gaskiya ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1994, wato maki -2.5 ko ƙasa da haka, da ita ake samunsa. Sai dai dattijon da kwatangwalonsa ko ƙashin bayansa ya karye a ƙaramar faɗuwa ba ya bukatar na'ura ta tabbatar, karayar ta riga ta ba da shaida. Abin da ba a tsallakewa shi ne gwajin jini: kalsiyam (sinadarin da ke gina ƙashi), aikin ƙoda, yawan jini, da bitamin D idan akwai hali. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba a fara maganin ƙashi ga mai ƙarancin kalsiyam, wasu magungunan kuma ba a ba mai raunin ƙoda. Na biyu, ba kowane ƙashi mai rauni ba ne na tsufa. Ciwon baya mai tsanani da ƙarancin jini da rama na iya zama dajin ɓargo, ko wani dajin da ya bazu zuwa ƙashi, musamman na mama ko na furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

Sannan ku tambayi abin da ake sha, kuma kada ku tsaya kan "wane magani kike sha, Hajiya?", domin amsar kullum ita ce babu. Ku ce a kawo ledar gaba ɗaya. A ciki za ku tarar da ƙullin haɗin kemis na ciwon gwiwa, kuma sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki. Su ne dai ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Firedinisolon miligiram 5 a kullum na wata 3 ya isa ya fara cin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha ba a tsayar masa rana ɗaya, jiki zai iya rikicewa har jini ya faɗi. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Yanzu ga maganin. Mafi sauƙin kuɗi kuma mafi samuwa shi ne alendronet, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 sau ɗaya a mako. A matan da suka taɓa karyewa a baya, yana rage sabuwar karayar baya da ta kwatangwalo da kusan rabi. Ba ya hana karayar da ake jinya haɗewa, don haka babu dalilin jira sai an cire filasta. Laifinmu a nan shi ne mu rubuta a kati mu miƙa ba bayani, alhali maganin nan duk amfaninsa yana ga yadda aka sha shi. Abin da hanji ke tsotsa daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ɗan abinci kaɗan ya isa ya kashe wannan ɗin ma.

Ga yadda za ku faɗa. A zaɓi rana ɗaya, a ce Juma'a, don ba a manta ta. Da safe, ciki babu komai, a haɗiye ƙwayar ɗungurungum da cikakken kofin ruwa zalla. Ba shayi, ba koko, ba kunu, ba madara. Ba a taunawa, ba a tsotsa. Sai a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30, ba ci ba kwanciya, domin idan ƙwayar ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona ta. Wani abu da takardar cikin kwalin ba ta faɗa ba: tsofaffinmu da asuba suke tashi, to a sha bayan an idar da sallah, ba kafin ba, saboda ruku'u da sujada, kuma kada a koma barci. Zaman lazimi ya cika minti 30 ɗin. A watan azumi, a tashi rabin awa kafin lokacin cin sahur. Idan an manta, a sha washegari da safe, kada a haɗa biyu rana ɗaya. Ƙwayar kalsiyam kuma a bar ta sai da abincin rana ko na dare.

Ba a ba wanda haɗiya ke yi wa wuya, ko wanda ba ya iya zama a miƙe rabin awa, ko wanda awon tacewar ƙodarsa ya gaza 35. Ga wanda ƙwayar ta gagara don ƙwannafi ko mantuwa, akwai zoledronet, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, a bar shi ya shiga a hankali, aƙalla minti 15. Wani babban bincike da aka buga a 2007 kan waɗanda aka yi wa tiyatar kwatangwalo ya nuna ya rage sabuwar karaya da kashi 35 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 28. Ku gaya wa iyali tun kafin a ɗaura ruwan cewa bayan na farko ana iya yin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na kwana 2 ko 3, farasitamol ya isa. Idan ba ku faɗa ba, za a ce allurar ce ta kwantar da Baba, ba za ku sake ganinsu ba. Kafin a fara kowanne a duba haƙora, a cire wanda ya ruɓe. Bayan shekara 5 ana shan ƙwaya, ko shekara 3 na ƙarin ruwa, a zauna a sake duba ko za a ci gaba ko a huta. Sabon ciwon cinya a tsakiyar shan magani yana bukatar hoto.

Denosumab, allurar miligiram 60 duk wata 6, magani ne mai kyau da muka yi kuskuren fara wa mutanen da aljihunsu ba zai ɗore ba. Shi ba ya zama a ƙashi kamar sauran biyun. Idan lokacin allura ya wuce da fiye da wata guda, ƙashin yana zubewa da sauri, har a samu karayar baya a wurare da yawa lokaci ɗaya. Kafin allurar farko ku tambayi mai biya ko zai iya ta biyu da ta uku. Idan za a daina, dole a maye gurbinta da alendronet ko zoledronet.

Batun abinci, mun daɗe muna zaton mai rana irin tamu, wadda ke sa fata ta samar da bitamin D, ba shi da matsala. Binciken da aka yi a Jos kan yara masu gwame ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, abin da suke samu a yini wajen miligiram 200 ne kawai. Tukunyar da yaro ke ci ita kaka ke ci. Tsoho yana bukatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini, kofin madara ko kindirmo ɗaya kuwa yana ba da wajen 300. A ƙara da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, riɗi, zogale da kuka. Tsohuwar da ke yini a ɗaki, rana ba ta taɓa fatarta, a ba ta bitamin D, awo (IU) 800 a kullum. Amma kalsiyam kaɗai ba magani ba ne ga wanda ya riga ya karye. Kuma a ba ta nama, ƙwai da wake. Wadda ke rayuwa kan koko da shayi ba ta da tsokar da za ta riƙe ta.

Mafi yawan karaya dai faɗuwa ce ke kawo ta, kuma mun sha rubuta "ta faɗi" ba mu tambayi yaya ba. Ku auna hawan jini tana kwance minti 5, sannan a tsaye bayan minti 1 da minti 3. Idan na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, mai yiwuwa maganin hawan jinin ya yi mata yawa ko ruwa ya yi ƙaranci a jikinta. Ku nemi maganin barci irin su dayazefam, da Piriton, da taramadol, da maganin suga mai faɗar da suga ƙasa warwas. Ku duba ido, yanar ido cirewa ake yi. Sai ku sa ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita 3, ta juyo ta zauna. Idan ta kai daƙiƙa 12 ko fiye, tana bukatar masu gashin ƙashi su koya mata atisayen ƙafa, da sanda daidai tsawonta. Ku kuma masu gida, ku bi hanyar da take bi da asuba daga gado zuwa wurin alwala, cikin duhu, kamar yadda take bi. Za ku ga dokin ƙofa, gefen tabarmar da ya naɗe, tayil mai santsi da ruwan buta ya jiƙa, da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye. A sa fitila mai caji kusa da gado, ƙarfen dafawa a banɗaki, da kujerar alwala. Kada tsoro ya sa ku hana ta motsi, zaman wuri ɗaya shi ke ƙarasa ƙashi da tsoka.

Idan kuma ta faɗi ta kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarce ta juya waje, kwatangwalo ne. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, karan ɗori ba ya kaiwa wurin. Tiyata ake so cikin awa 48, a tayar da ita washegari. Kwanciyar makonni ce ke kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, 20 zuwa 30 cikin 100 na masu wannan karaya ba sa cika shekara.

A nan ne lissafin kuɗi yake. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun ƙiyasta a 2011 cewa karayar kwatangwalo, wajen 70,000 a shekara, tana cin kusan fam biliyan 2 na magani da kula. Can gwamnati ke ɗauka. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita. Iyali kan ce maganin mako-mako ya yi tsada tunda Hajiya ta warke, mu ma mu yi shiru. Ku zauna da babban ɗanta ku jera masa. A gefe ɗaya ƙwaya 52 a shekara, gwajin jini, fitila da ƙarfen banɗaki. A ɗaya gefen kuɗin ƙarfen da za a sa, tiyata, ledar jini, gado, motar zirga-zirga, keken guragu, da 'yar da za ta rufe sana'arta ta zauna jinya wata da watanni. Ku sa shi ya tambayi farashin kowanne da kansa.

A Gilasgo ta Sukotland aka fara wani tsari a 1999 wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, kuma ba na'ura ce ginshiƙinsa ba. Ma'aikacin jinya ɗaya ne ake ɗora wa alhakin duk wanda ya haura 50 ya zo da irin wannan karaya: ya nemo shi, a gwada shi, a fara magani, a bi sawu. Ko a ƙaramin asibiti littafi ɗaya ya isa, a ajiye shi a ɗakin filasta. A rubuta suna, shekaru, wurin karaya, yadda aka faɗi, maganin da aka fara, da lambar ɗa ko jikan da ke riƙe da waya. A kira bayan wata 4, a sake kira bayan shekara, domin kusan rabin masu shan ƙwayar suna dainawa kafin shekara ta zagayo. Idan kun kira, kada ku ce "tana sha?", ku ce "wace rana take sha, da me take haɗiyewa, guda nawa suka rage a kwalin?"