Rediyon gwamnati da kuɗin da aka turo daga Abuja

Duk wata rediyon gwamnati kan sanar da abin da kwamitin FAAC, mai rabon kuɗin asusun tarayya ga gwamnatin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi, ya raba, amma ba kasafai ake jin inda kuɗin suka shiga ba. Abin yana ci min rai.

'Yan'uwa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambaya, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ku rubuta wa hukumar gwamnati da abin ya shafa wasiƙa, ku ambaci aikin da kuke son sanin kuɗinsa da shekarar kasafinsa, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Kwana 7 hukuma take da shi, tana iya ƙara wasu 7. In ta ƙi, kuna da kwana 30 ku garzaya kotu. Da yawa a hatimin nan suke tuntuɓe: babu shi, sai a ce ba a ga wasiƙar ba.