Makon da takardun malamai suka ɓace

Jiya na miƙa makullin ofis da kalmomin sirri na shafin bincike na jami'ar da na yi wa aiki shekara 5. An ce in bar wa magajina rubutu. Da na zauna rubutawa, duk inda na ɗauko sai zancen ya koma ga makon da muka sauya shafin.

Tsohon shafin ya tsufa, wannan babu musu. Ba ya buɗewa da kyau a waya, neman malami a cikinsa kuwa sai mai haƙuri. Daraktanmu yana son sabo, yana kuma son a ƙaddamar da shi kafin zuwan wasu baƙi masu ba da tallafin bincike. Ga shi ya ƙwallafa rai a kan jerin Webometrics, wanda wata cibiyar bincike ta ƙasar Sifaniya ta soma fitarwa a 2004, tana auna jami'o'i gwargwadon yadda ake ganinsu a intanet.

Abin da na sani, shi kuwa bai damu ya sani ba, shi ne kowane kundin digiri da kowace maƙala da ke tsohon shafin suna da nasu adireshin. Waɗannan adireshin sun daɗe da fita hannunmu. Suna cikin manazartar rubuce-rubucen wasu, suna cikin takardun neman ƙarin girma na malamai, suna cikin Google Scholar, injin Google na neman rubuce-rubucen ilimi. Sabon tsarin zai ba kowane fayil sabon adireshi. Maganin sananne ne: a jera tsoho kusa da sabo, a sa umarnin da ake kira 301, wanda ke kai mai nema sabon wurin ba tare da ya lura ba. Na ce masa ina bukatar mako 2. Ya ce, "Malam, baƙi ba adireshi za su zo kallo ba." Na ce, "To, ranka ya daɗe." A tsaye muka yi maganar, a bakin ƙofa, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Na ce a raina zan gyara bayan biki.

An yi biki, an yaba launi da hotuna. Kwana 4 bayan nan wata malama ta shigo ofishina da wayarta a hannu. Ta ce, "Ƙanena, ina takarduna?" Ta nuna mini allon, lambar 404 ce kawai a kai, wato alamar ba a sami shafin ba. Tana neman ƙarin girma, an riga an aika jerin ayyukanta ga masu tantancewa na waje, kuma duk wanda ya latsa a cikinsu abin da zai gani ke nan. Ba ta ɗaga murya ba. Har yau da na tuna yadda ta tsaya tana jiran amsa sai jikina ya yi sanyi.

A nan na ga wanda ɓarnar ta fi shafa. Manyan farfesoshi da suka buga ayyukansu a manyan mujallu ba su ji komai ba, domin maƙalunsu suna da lambar DOI, wadda ke kai mutum wurin mawallafi ko da shafinmu ya rushe. Waɗanda suka ji jiki su ne ɗalibai masu kundin digiri da ƙananan malamai da suka buga a mujallun tsangaya, waɗanda kwafinsu ɗaya tilo a intanet yana wurinmu. Masu ƙaramin ƙarfi na jefa cikin wahala, ni da na san abin da zai faru.

Gyaran ya ci kusan wata guda, yawancinsa da dare. Na riƙa tono tsoffin adireshi daga Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke adana kwafin tsoffin shafukan intanet, da kuma rajistar sabarmu, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ina haɗa kowanne da sabonsa da hannu. Google Scholar kuwa ba ya gaggawa. Su da kansu sun rubuta cewa sabunta bayanan maƙalar da ta riga ta shiga yakan ɗauki wata 6 zuwa 9, kuma haka muka zauna muna jira. Jerin da darakta ke bege ma, babban abin da yake dubawa shi ne yawan shafukan waje da ke nuno naka, wato ainihin abin da muka tsinke da hannunmu.

A taron shugabanni darakta ya ce masu fasaha ba su sanar da shi ba. Ina zaune a wurin. Washegari aka ba ni takardar neman ba'asi, ba ni da wata shaida sai maganar bakin ƙofa. Ban musanta rabona na laifi ba, na rubuta shi a amsata. Amma rabonsa har ya bar kujerar bai ɗauka ba, kuma ƙarya nake in na ce abin ya bar raina.

Sauran abubuwan da zan bar wa magajina gajeru ne. Duk gargaɗin da za ka yi wa na sama, ka bi shi da imel a ranar. Ka matsa wa kowane malami ya buɗe ORCID, lambar shaida ta mai bincike, kyauta ne, tun 2012 ake yinsa, yana raba masu suna iri ɗaya. Kada ka karɓi kundin da aka ɗauki hoton shafukansa kawai, Google Scholar rubutun da ake iya bincikawa yake bukata, ba hoto ba. Kanun labarin bincike, mai binciken ya gani kafin ya fita. Ka sa wa hotuna bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Bayan shekara 2 mun sake sauya tsari. Wannan karon na ƙi sa hannu sai da aka gwada kowane tsohon adireshi, kuma babu wanda ya shigo ofishina da waya a hannu. Fayil ɗin jerin adireshin yana cikin abin da na miƙa jiya, shi na fara nuna wa magajina kafin kalmomin sirri. Malamar ta samu ƙarin girmanta a zagaye na gaba. Da na je yi mata sallama ta sa mini albarka, ba ta ko tayar da zancen ba.