Babin da aka cire daga kundina

A watan nan na karɓi takardar digirina na biyu. Ƙannena masu shirin fita karatu waje sun dame ni da tambayar yadda ake zama da malamin da ke duba kundin bincike, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Na yi bincikena ne a kan Miss Galaxy, gasar sarauniyar kyau da ake yi a Nuku'alofa, babban birnin Tonga, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, tun farkon shekarun 1990. Masu shiga su ne leiti, waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa irin ta mata, kuma ƙungiyarsu, Tonga Leitis Association, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya taron. Samoa ma na da gasarta ta fa'afafine, wato takwarorin leiti a can, Fiji na da gasar Adi Senikau a lokacin bikin Hibiscus na Suva. Abin da ya ja ni Tonga shi ne yadda lamarin ya ɗaure mini kai: ƙasa ce da tsarin mulkinta na 1875 ya tsarkake ranar Lahadi, dokarta ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 a kan luwaɗi, amma uwar ƙungiyar leiti gimbiya ce 'yar gidan sarauta, Salote Lupepau'u Tuita. Ni Musulma ce, na san matsayin addinina, kuma ba alƙalanci ya kai ni can ba.

Tun kafin in hau jirgi, Farfesata ta gama rubuta kundin a cikin kanta. A wurinta labarin bai wuce wannan ba: mutanen da coci ya danne sun sami dandalin shan iska sau ɗaya a shekara. Kuma tunda ni Bahaushiya ce, lallai in ƙara babin da zai kwatanta su da 'yan daudu. Na ce, "Farfesa, ban taɓa zama na yi hira da ɗan daudu ko ɗaya ba." Ta ce ai a cikinsu na tashi. Ranar na gane dalilin da ya sa ta yi saurin karɓata.

Abin da na tarar bai shiga wannan akwatin ba. A bayan dandali na ga wata dattijuwa, mai waƙa a cocin Wesley, durƙushe tana ɗinke bakin rigar da ɗan cikinta zai fita da ita. Rigar ta ngatu ce, ƙyallen da matan Tonga ke bugawa daga ɓawon itace. Allura a baki ta miƙo mini gefen rigar: "'Yata, riƙe mini nan." Na tambaye ta ko faston cocinsu ya san tana wurin. Sai ta kalle ni ta ce wa nake tsammani ke ƙawata musu coci, wa ke tsayawa kan tukwane idan an yi rasuwa. Da aka zo rawar tau'olunga, dangi suka riƙa hawa suna manna takardun kuɗin pa'anga a hannuwan da suka sha man kwakwa, kamar dai liƙi a bikinmu. A wannan zauren kuma akwai dariya iri biyu, ta ƙauna da ta ba'a, musamman idan Turancin wata 'yar takara ya karye, sai ka ji samari sun ɓarke da ihu. Akwai rigar da ake haɗawa da kwaroron roba don faɗakarwa kan cutar ƙanjamau. Jama'a su tuntsire da dariya, saƙon kuma ya isa. Wasu masu tafin nan su ne gobe za su jefi leiti da baƙar magana a kasuwa. A watan Mayun 2021 aka kashe shugaban ƙungiyar, Polikalepo Kefu.

Duk wannan na tara shi a babi na huɗu. Farfesa ta ce yana rikita hujja, in cire. Kuɗin tallafin karatuna na rataye da sa hannunta, sai na cire, na cike gurbin da babin 'yan daudu da na tsinto daga littattafan wasu.

Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje, wani dattijo ɗan Samoa, ya rufe kundin ya ce, "Ina iyaye mata? Ina coci?" Ya ƙara da cewa babin kwatancen ne mafi rauni. Farfesa na gefe tana gyaɗa kai, sai ka rantse ranar ta fara ganinsa. Maki ya sauka. Bayan 'yan watanni na ji ta a wani taron ƙara wa juna sani tana ba da labarin dattijuwa mai allura a baki, ta ce "wata ɗalibata" ce ta gani. Suna dai bai fito ba.

Don haka, kafin ku zaɓi mai duba muku aiki, ku nemi tsoffin ɗalibansa, musamman waɗanda ba ya ambata. Duk gyaran da aka ce ku yi da baki, ku mayar da shi imel. Ku nemi mai dubawa na biyu tun farko. Littafin da kuka rubuta abin da idonku ya gani kuwa, naku ne, kada ku miƙa shi gaba ɗaya.

Babi na huɗu na gyara shi, na fara tura wa waɗanda na yi hira da su a Nuku'alofa su duba. Idan sun amince zan kai shi mujalla, da sunana ni kaɗai.