Laraba a gidan rediyo: dizal, taki da labaran harsuna

Gombe, Laraba da dare.

Ban kai ga karya kumallo ba Injiniya ya kira. Wuta ta ɗauke tun tsakar dare, da janareta aka buɗe tasha, kuma dizal ɗin da ya rage a tanki ba zai kai mu Juma'a ba. Kuɗin gudanarwa na wannan wata bai fito ba tukuna. Shawararsa ita ce a rage ƙarfin transmita, wato na'urar da ke watsa shirye-shiryenmu, ta daina shan mai da yawa. Na tambaye shi su wa za su daina jin mu. Ya ce cikin Gombe da Kumo ba matsala, amma Dukku da Nafada da ƙauyukan da ke cikin duwatsun Balanga sai dai su ji shuuu. Na ce a'a. Mutumin Jekadafari ko Pantami yana da tashoshi barkatai da zai murɗa, ga waya a hannunsa. Wanda ke rugar Dukku mu ne kaɗai muke isa gare shi da harshensa. Muka tsayar cewa za a riƙa rufe tasha da wuri, kiɗan tsakar dare ya huta har mai ya samu.

Ƙarfe goma muka zauna taron shugabannin sassa, kuma a nan ne ranar ta yi nauyi. Hajiya ta sashen kasuwanci ta shigo da fara'a: wata ƙungiyar 'yan siyasa na son sayen fili na wata uku, kuɗi a hannu, wanda zai ishe mu mai har da gyaran motar ɗauko labarai. Sai dai lokacin da suka zaɓa shi ne bayan Magariba, daidai lokacin labaran harsuna, wato Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci.

“Yallaɓai,” in ji ta, “albashi gwamnati ke biya, amma dizal ni ake tambaya. Waɗannan labaran ko kwabo ba sa kawowa. A mayar da su ƙarfe biyu na rana mana.”

Ban ga laifinta ba, gaskiyar aljihu ta faɗa. Amma ƙarfe biyu a damina kowa na gona, makiyayi na daji. Bayan Magariba ne ake zama a tsakar gida a kunna rediyo, shi ya sa ma 'yan siyasar suka ƙyalla ido a kansa. Shugaban sashen labarai ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, yau fili suka saya, gobe za su aiko da labarin da za a fara karantawa.

Na tuna musu cewa kafin 1992, lokacin da aka kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, duk rediyon ƙasar nan na gwamnati ne. Yanzu tashoshi masu zaman kansu sun yi yawa, suna ƙoƙari, kuma dole su bi inda kuɗi yake. Mu da kuɗin jama'a aka gina mu, jama'ar ƙananan hukumomi 11 da suka zama jiha a 1996, ba duka ne Hausa ta zame musu harshen uwa ba. Tsohuwa a Billiri tana da haƙƙin jin ranar rigakafi da Tangale. Idan muka sayar da wannan lokacin, ban san da wace hujja za mu ci gaba da karɓar kuɗin baitulmali ba.

Abin da muka yanke: za a ba su ƙarfe tara na dare, a naɗi shirin tukuna edita ya saurara, ba zagi ba ƙazafi, kuma duk jam'iyyar da ta zo farashi ɗaya ne da sharaɗi ɗaya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta ce a raba lokaci daidai, kuma gara mu saba tun kafin kakar kamfe ta kankama. Hajiya ta ce mai yiwuwa su tafi wata tasha. Na ce ta gwada dai, Allah ne mai bayarwa.

Da na fito na iske Malam, mai karanta labaran Waja, a kan benci ƙarƙashin darbejiya yana fassarar labaran yau. Tsohon malamin firamare ne. Da jan biro yake rubutu a bayan tsofaffin takardun jadawali, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya, yana karanta jimla a hankali da ƙaramar murya kafin ya yarda da ita. Alawus ɗinsu na ma'aikatan wucin gadi ya makale, amma bai taɓa fashi ba. Na gaishe shi na ce, “Baba, ana nan ana bin maganar haƙƙinku.” Ya ce, “Allah ya taimake ka, ni dai kada a taɓa mana lokacinmu, mutanen Talasse suna jira.” Ashe zancen taron har ya riga ni fitowa.

Da la'asar aka yi shirin manoma na kiran waya. Manoma daga wajen Deba da Kwami suka yi ta kira a kan taki: shuka ta fito, masara na neman taki, wanda aka yi alkawari bai iso ba, na kasuwa kuwa ya fi ƙarfinsu. Ba wanda ya yi zagi. Shirin bai ƙare ba wayata ta yi ƙara, wani babban jami'i ne, ransa a ɓace, yana tambayar ko gidan rediyon gwamnati ne wannan ko na 'yan adawa. Na ce, “Ranka ya daɗe, muna naɗar duk abin da ya fita, zan aiko maka ka ji da kunnenka. Mutanen nan tambaya suke yi, kuma kai ke da amsa. Ga fili gobe, ka zo ko ka turo wakili.” Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba.

Yarinyar da ta gabatar da shirin ta same ni a ofis jikinta a sanyaye. Ba ta daɗe da fara aiki ba. “Yallaɓai, ko in daina ɗaukar kira?” Na ce ko kusa, ta yi aikinta daidai, in da fushi a kaina zai sauka, don haka aka ba ni kujerar. Abu ɗaya na ƙara mata: ta riƙa tambayar mai kira garinsu da ranar da abin ya faru, don wanda zai zo ba da amsa ya san inda zai kama.

Kafin in tashi na sa hannu a takardar neman kuɗin mai, na haɗa da lissafin sola da Injiniya ya shirya, ko situdiyo da ɗakin labarai kaɗai aka ɗora a kai an rage mana nauyi. Bayan Isha'i saƙo ya shigo daga ofishin jami'in nan cewa wakilinsu zai zo gobe ƙarfe huɗu. Na tura wa mai gabatarwa ta shirya tambayoyinta daga abin da manoman suka faɗa yau. Hajiya kuma tana jiran amsar mutanenta da safe.