"Ai gado ne" da abin da Framingham ta koya min

A gidanmu hawan jini ne ya yi ajalin kakana, kawu ma da shi ya tafi bai kai hamsin ba, kuma duk zaman makoki maganar ɗaya ce, ai gado ne sai haƙuri. Da wannan tunanin na shiga karatun lafiyar al'umma.

Sai malaminmu ya ba mu aikin karanta binciken ciwon zuciya da aka yi a Framingham, wani gari a Amurka. Tun 1948 aka ɗebi mutum 5,209 ana auna su duk bayan shekara biyu, hawan jini, nauyi, kitsen jini, waye ke shan sigari waye ba ya sha, a 1971 aka shigo da 'ya'yansu, 2002 aka shigo da jikoki, wlh waɗanda suka fara aikin da yawa sun rasu ana ci gaba da shi. Haƙurin nan ya tsaya min a rai sosai. A Ingila ma wasu masu bincike, Richard Doll da Bradford Hill, sun fara bibiyar lafiyar likitoci a 1951, bayan shekara 50 aka ga masu shan sigari suna rasa kusan shekara goma na rayuwarsu, wanda ya bari tun yana wajen shekara 30 kuwa kusan ya tsallake.

Gadon fa gaskiya ne, duk wanda ya yi jinyar mai sikila ba sai an faɗa masa ba. Amma binciken tagwaye a Denmark ya nuna kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai ke komawa ga gado. Ajali na Allah ne babu ja, sababi kuma an ce mu yi.

Da na je aikin koyo a wani asibiti aka ce in nemo masu hawan jinin da suka daina zuwa, katin mutum babu lambar waya, adireshi "bayan masallacin Juma'a", na yi yawo a rana har na gaji, wani gidan da na samu ashe mutumin ya rasu tun wata huɗu ba wanda ya rubuta. Raina ya ɓaci gsky. Tun daga ranar ba na barin layi ko ɗaya a kati ban cike ba.

Na saya wa Baba na'urar awon jini, duk Juma'a bayan sallah ina auna shi in rubuta a littafi mai ruwan bula. Umma ta rage gishiri a miya, yana ƙorafi amma yana ci.