Fitilar DRAM

Rahoton da nake aiki a kansa dai yau ma bai motsa ba. Kwamfutar Auta ce ta cinye min wunin.

Kun san watanni ke nan yana tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, jiya da dare ya ɗaure noti na ƙarshe. Da safe sai ga shi a bakin ƙofata: "Yaya, ta ƙi tashi." Na ce fanka na juyawa? Ya ce ko motsi babu.

Na fara da abubuwan da ake rainawa. Makunnin da ke bayan akwatin wuta, wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki, yana kunne. 'Yar fitilar madabod, babban allon da ake jona komai a kansa, tana ci, ke nan volt 5 ɗin da akwatin ke saki ko da kwamfuta na kashe yana isowa. Babban fulogi mai ƙafa 24 ya zauna daram, haka ma na furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai ƙafa 8 da ke can kusurwar sama, wanda aka fi mantawa da shi. Saura 'yan siraran wayoyin gaban akwatin kwamfutar, masu rubutun da sai ka haska tocila kafin ka karanta. Ta maɓallin kunnawa ta goce gefe da fil ɗaya. Na zare ta, na taɓa fil biyun da bakin sukudireba, sai fankoki suka ɗauka gaba ɗaya. Auta har da tsalle. Ni ma na yi dariya, na ɗauka an gama.

Monita ta tsaya baƙa ƙirin. Madabod ɗinsa na da 'yan fitilu huɗu a jere, CPU (furosesa), DRAM (RAM, ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi), VGA (katin hoto) da BOOT (loda manhaja daga faifai), masu nuna inda binciken farko ya maƙale. Ta CPU ta haska ta wuce, ta DRAM ta tsaya cak. Kafin in buɗe baki ya kai hannu baya ya kashe wutar.

"Na ƙona ta ko?"

Na ce babu ƙauri, babu hayaƙi, me ya ƙone? Bai ji ni ba. Ya shiga lissafo laifukansa: wai ya taɓa furosesa da hannu, wai man da ake ɗigawa tsakaninta da abin sanyaya ya yi yawa, wai ya ɗaure noti da ƙarfi. Ana cikin haka Kawu ya leƙo, ya dubi wayoyi baje a kan tebur, ya ce ai ya faɗa tun farko a sayi haɗaɗɗiya a huta. Ya wuce abinsa. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma na ga yadda kafaɗun yaron suka zube.

Sai ya ɗauko tsohon akwatin wutata, wai bari ya gwada kebul ɗinsa ko nasa ne ke da matsala. A nan na ɗaga murya. Akwatunan da ake cire musu kebul, bakin da ke shiga madabod ko faifai iri ɗaya ne, amma bakin da ke shiga akwatin kowane kamfani da nasa jerin, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya kan bambanta. Kebul zai shige lafiya lau, ya kai volt 12 inda ake jiran 5. Da ya jona, da ƙonewar da yake tsoro ta tabbata. Ya ajiye shi, ya yi shiru.

Muka buɗe ɗan littafin madabod. Ramukan RAM huɗu ne, shi kuma sanda biyu gare shi, ya sa su a na ɗaya da na uku daga wajen furosesa. Littafin ya ce A2 da B2, wato na biyu da na huɗu. Da na haska tocila kuma sai na ga gefe ɗaya na sandar bai nutse ba, ruwan zinaren ƙafafunta na leƙowa, maƙallin bai rufe ba. Ya ce ya ji tsoron dannawa kada madabod ya tsage. Na miƙa masa sandar na ce shi zai sa. Ya riƙe ta kamar mai ɗaukar ƙwai, ya daidaita tsagar da ke ƙasanta da tudun ramin, ya ɗora manyan yatsunsa biyu. Na ce danna. Ya ɗan taɓa. Na ce Auta, danna da gaske. Ƙas! Ya zabura ya dube ni, na ce wannan ƙarar ake nema.

Muka kunna, fitilar DRAM ta sake tsayawa. Hannunsa ya nufi baya, na riƙe shi. RAM ɗinsa DDR5 ce, kuma a tashin farko madabod kan zauna yana gwada gudu da lokutan da zai riƙa magana da ita. Abin kan ɗauki mintoci, monita baƙa, fanka na ta juyawa, kai ka ce ta sandare. In ka kashe, daga farko za ta koma. Muka zauna muna kallon 'yar fitila ɗaya, ba mai magana. Na leƙa baya na tabbatar wayar HDMI a katin hoto take, ba a madabod ba. Can sai fitilar ta tsallaka VGA, ta koma BOOT, monita ta yi fari da shafin BIOS, wato shafin saitin madabod: sunan furosesa, RAM cif yadda ya saya, zafi daidai.

Alhamdulillahi na ce, da ƙarfi. Shi murmushi kawai ya yi, gajere. Yana tattara notocin da suka rage ya ce, "Yaya, nan gaba kai za ka riƙa haɗa min, ni ba zan iya ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har yanzu. Yaron da ya zauna shi kaɗai ya ɗora furosesa ba tare da ya lanƙwasa fil ko ɗaya ba, ya jera wayoyi a bayan akwati tsaf har na tsaya ina kallo. Abin da ya samu bai wuce waya ɗaya da ta goce da sanda ɗaya da ba ta zauna ba, kuma waɗanda suka shekara suna wannan aiki ma hakan na samunsu. Na faɗa masa haka, ya gyaɗa kai irin na wanda ke ganin lallashinsa ake yi. Ban so muryar da na ɗaga a kan kebul ta haɗu da maganar Kawu a kunnensa ba, ko da yake in aka sake, zan sake hana shi.

Da yamma ban iya karanta komai ba. Kai na ciwo kaɗan.

Fitilar BOOT na nan a kunne tunda faifan babu komai a kansa tukuna. Gobe za a sa Windows. Na ba shi filas ɗina na ce ya shirya shi da kansa, kuma ba zan shiga ɗakin ba sai ya kira ni. Kawu kuma zan same shi mu yi magana.